Yaƙin Malam Dikko da Zafin Gidansa

Da sunan Wanda ya halicci bazara ya kuma halicci inuwa, ya raba wa bayinsa gumi gwargwadon ƙarfinsu, muke buɗe wannan tarihi. Bayan haka, ku kasa kunne ku ji labarin gwarzon Ƙauran Namoda, Malam Dikko ɗan Barmo, ɗan Nomau mai dogon carbi, ɗan Jatau wanda ya taɓa hura ɗanyen itace da tsakiyar damina har ya kama, ɗan Gagare wanda masu ruwaya ba su san abin da ya yi ba, amma sun yi ittifaƙi a kan cewa ya rayu. Shi ne Sarkin Ma'auni, Garkuwan Sikeli, dodon masu ɓoye dutse a buhun auduga, wanda ya shekara talatin da biyu yana malamin sikeli a kasuwar auduga bai taɓa yarda da idonsa ba, sai abin da allurar sikeli ta nuna. An ruwaito cewa ko hadari matarsa Lantana ta ce ya taso, amsarsa ɗaya ce: "Da me kika auna?"

Amma sababin yaƙin, shi ne mahaifiyarsa, Inna Tasalla, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda ke zaune ita kaɗai a ɗakinta na ƙasa can ƙauyen Tungar Kaɗe. Shekara goma sha ɗaya Malam Dikko yana aika manzanni, da kawunnai da limamai da ƙawayenta na zamanin ƙuruciya, a roƙe ta ta dawo gidansa da zama, tana ƙi. Abin yana damunsa ƙwarai. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara ya ga lambar ƙauye, sai gabansa ya faɗi, don yana tsoron a ce masa tsohuwar ta faɗi ba kowa kusa da ita. A bana dai, da gwiwoyinta suka matsa mata, ta yarda ta zo ta gani, bisa sharaɗi guda: motar ƙauyensu ranar Alhamis kawai take shigowa gari, in gidan ya karɓe ta ta zauna, in bai karɓe ta ba, Alhamis mai zuwa motar da ta kawo ta za ta mayar da ita.

A nan dole mai tarihi ya tsaya ya bayyana wani shinge da ya fi ganuwar kowane birni kauri. Malam Dikko ɗan fari ne. Shekara sittin da uku ke nan Inna Tasalla ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba, ba ta kuma taɓa yi masa magana kai tsaye ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. In tana da saƙo gare shi, sai ta faɗa wa abin da ke kusa da ita, turmi ko buta ko bango, shi kuma ya tsinta daga gefe. A gidan Malam Dikko wata mage ce ta samu wannan muƙami na jakadanci, wata toka-toka mai ƙiba wadda ba ta taɓa kama ko ɓera ɗaya ba. Shi ma gwarzon bai isa ya tsare mahaifiyarsa da tambaya ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa wa bango.

Ranar Alhamis ta farko, cikin tsakiyar watan Afrilu, lokacin da kwalta ke kama takalmin mutum, ƙadangaru kuma ke tafiya suna ɗaga ƙafa, aka shigar da Inna ɗakin da aka tanadar mata, ɗaki mai tayil, mai labule biyu, mai iyakwandishan sabo fil wanda hasken rana ke kunna shi ta farantan sola da ke kan rufi. Ta zauna a bakin gado, ta dubi akwatin da ke huci a saman bango, ta ja mayafinta ta rufe kafaɗu, sannan ta dubi mage ta ce, "Mage, ɗakin ga bai karɓe ni ba."

Malam Dikko na laɓe a bayan ƙofa, maganar ta same shi a ƙahon zuciya. Bai yi wata-wata ba ya zaro makaminsa daga aljihun gaba, wani ma'aunin zafi na gilashi mai jan layi a tsakiya, ya ɗaga shi sama a bakin ɗakin, ya jira jan layin ya tsaya. Ashirin da tara. Nan take ya gane abokin gaba, ya kuma ambaci sunansa da babbar murya: zafi ne.

Lantana, wadda ta ga yadda tsohuwar ta ja mayafi, ta matso a hankali ta ce, "Malam, ni fa gani nake kamar Inna..."

"Da me kika auna?" in ji shi.

Ta haɗiye sauran maganarta ta koma wajen daddawarta. Ni mai rubuta wannan tarihi, har yau in na tuna wannan wuri sai takaici ya kama ni, don da ya bari ta ƙarasa jimlar nan, da ba a fasa bango ba, da kuma ƙugunsa na nan lafiya.

Da yammacin ranar Malam Dikko ya yaye wata tsohuwar kalanda daga bango, ya kifa ta, ya zana taswirar gidansa a bayanta, ya raba daular gunduma biyar: ɗakin Inna, da falo, da baranda, da kicin, sai kuma sito, ɗan ƙurmusasshen ɗakin ajiya da ke kusurwar yamma, wanda ya zagaye da jan biro har sau uku. Ya yi rantsuwa da girman sikelin da ya bauta wa cewa kafin Alhamis sai kowace gunduma ta tsaya a kan digiri ashirin da biyar, ba ƙari ba ragi, yadda duk inda Inna ta sa ƙafa sanyi iri ɗaya zai tarbe ta, domin a wajensa gidan da wani ɗaki ya fi wani zafi daidai yake da kasuwar da wani mudu ya fi wani zurfi. Sannan ya tara rundunarsa a falo ya duba ta ɗaya bayan ɗaya: ga iyakwandishan, Amirul Jaishi, mai numfashin ƙanƙara, ga doguwar fanka mai tsayuwa, Mai Waiwaye, wadda ke duban gabas da yamma ba ta gajiya, ga ƙanwarta ta kan tebur, tsohuwar 'yar gwagwarmaya da aka ɗaure wa keji da waya, ga dakarun ƙasa, buhunan algarara goma sha biyu, da bokiti biyu, da wani tsani mai gurguwar ƙafa. Mage ta zo ta shinshina buhunan ta wuce.

Ranar Juma'a da hantsi aka buga tambarin yaƙi. Gwarzon ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, ya miƙa rimot kamar mai nuna takobi, ya yi kirari, "Ashirin da biyar!" ya danna, ya sake dannawa, har Amirul Jaishi ya yi gurnani ya fara aman sanyi, labule na kaɗawa, tayil na ɗaukar raɓa, jan layi na ja da baya taki-taki kamar rundunar da aka karya wa tuta. Kafin a tafi masallaci gunduma ta farko ta faɗi. Da ya dawo daga sallah sai ya tarar da ɗakin wayam. Inna ta naɗe tabarmarta ta koma falo, ta zauna jikin tagar da rana ke shigowa.

Wani ƙaramin kwamanda da ya ga haka da ya tsaya ya yi tunani. Malam Dikko kuwa ya auna wurin da take zaune, ya ga talatin da huɗu, hankalinsa ya tashi, ya ce a ransa lalle tsohuwar ta gaji da zaman ɗaki ɗaya, ga shi zafi ya yi mata kwanton ɓauna a falo. Ranar Asabar ya wangale ƙofar da ke tsakani, ya kafa Mai Waiwaye a bakin ƙofar tana kwaso sanyi daga ɗakin tana watsawa falo, ya toshe tagar nan da kwali da bargo, ya liƙe ƙasan ƙofar waje da tsumma. Falo ya miƙa wuya kafin la'asar. Inna ta ɗauki tabarma da butarta ta koma baranda.

Yaƙin Baranda, wanda aka gwabza ranar Lahadi, shi ne wanda mawaƙa ya kamata su riƙe, domin a nan ne aka zubar da ruwa har bokiti goma sha tara, a nan ne aka rataye jiƙaƙƙun buhuna jere a kan igiyar shanya kamar tutocin ƙabilu, aka girke 'yar fankar tebur a bayansu tana tura iska mai laima, a nan ne kuma sadaukin, yana tafe da bokiti a kowane hannu, yana kirarin "Ashirin da biyar!", santsi ya kwashe ƙafafunsa biyu a lokaci guda, ya tashi sama, ya dawo ƙasa da ƙugu, da wata ƙara da maƙwabta suka ɗauka buhun masara ne ya faɗo daga mota. Bai yi kuka ba. Abin da ya fara dubawa shi ne ma'aunin, ya ga bai fashe ba, ya yi hamdala. Inna, wadda ruwan ya jiƙa wa gefen tabarma, ta ce wa mage, "Mage, a ce ma mutane su riƙa duban gabansu," ta tashi ta shige kicin.

A kicin ta samu wuri kusa da murhun gawayin Lantana, ta miƙe ƙafafu, har an ji ta tana ba surukarta labarin yadda ake daka kalwa a zamaninsu. Wannan zaman lafiya bai kai kwana guda ba. Ranar Litinin Malam Dikko ya shigo yana ɗingishi, ya auna, ya ga talatin da takwas, ya yi salati, ya zartar da hukunci cewa murhu ɗan leƙen asirin abokan gaba ne, a fitar da shi tsakar gida. Ranar nan a tsakiyar rana Lantana ta tuƙa tuwo, gumi na zuba daga haɓarta, tana juya muciya da wani ƙarfi da ya fi ƙarfin tuwon. Miyar ranar kuwa ta yi yaji fiye da kima, kuma a kwanon mutum ɗaya kawai.

Ranar Talata Inna ta ɓace. Aka duba gunduma huɗu ba ta. Sai can Malam Dikko ya tura ƙofar sito, babban birnin zafi, fadar abokin gaba, ɗakin da rufin kwanonsa ya yi ƙasa har mutum na iya taɓa shi, bangonsa na shan ranar yamma tun daga azahar, tsohuwar firiza na tsaye a ciki tana fitar da huci ta bayanta, ga kwandunan daddawar Lantana a lulluɓe da buhu a kusurwa, domin daddawa sai da ɗumi take nuna. A tsakanin firiza da kwanduna ya ga mahaifiyarsa kwance a kan tabarma, ido rufe, baki a ɗan buɗe, ba ta motsi. Ya ɗaga ma'auni. Arba'in da ɗaya.

"Lantana! Zafi ya kayar da Inna!"

Lantana ta sheƙo, ta leƙa, ta saurara. "Malam, barci take. Ba ka ji minshari ba? Tun da ta zo ban ga ta yi barcin rana ba sai yau."

"Suma ce," in ji shi. "A arba'in da ɗaya ba a barci."

Kunya ta hana shi taɓa ta, sai ya tsaya daga bakin ƙofa yana yi mata fifita da kalandar yaƙi da iyakar ƙarfinsa, har ta farka ta yi atishawa sau uku.

Ranar Laraba aka yi gumurzun ƙarshe, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka aza harsashin gidan. Tun da sassafe gwarzon ya ɗaura ɗamara a kan ciwon ƙugunsa, ya rungumi firiza ya ja ta taku-taku zuwa baranda tana kuka shi ma yana nishi. Ya hau gurgun tsani ya shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a kan rufin kwano, kwanon na gasa masa tafin ƙafa yana tsalle daga wannan zuwa waccan kamar mai rawar da ba a koya masa ba. Sannan ya sauko ya ɗauki guduma, ya fuskanci bangon da ya raba sito da falo, ya yi kirarin kakanninsa har zuwa kan Gagare, ya kai sara, ya sake kaiwa, bulo na zuba, ƙura na tashi, har ya huda taga mai faɗin faranti, sanyi ya kutsa cikin fadar abokin gaba. Ta wannan tagar dai warin daddawa ya fito, ya mamaye falo, ya shiga ɗakin Inna, ya kama labule da katifa da babbar rigar Juma'ar gwarzon, kuma har yau bai gama fita ba. Daddawar kuwa, kwando uku, sanyi ya kama ta ta ƙi nuna.

Bayan la'asar Malam Dikko ya zagaya daularsa da ma'auni a sama. Ɗakin Inna, ashirin da biyar. Falo, ashirin da biyar. Baranda da kicin, ashirin da biyar. Ya shiga sito ya daɗe yana jiran jan layi, layin ya sauko, ya sauko, ya tsaya. Gidan duka ya zama mudu ɗaya. Ya rubuta lambar sau biyar a kan taswira, ya ja layi a ƙasa, ya ji daɗin da bai ji ba tun ranar da ya kama dutse mai nauyin kilo tara a buhun wani dillali.

Ranar Alhamis da hantsi ya fito don ya ga yadda Inna ke more nasarar. Ba ta cikin ko ɗaya daga gundumomin biyar. A tsakar gida ya same ta, a tsakiyar rana tsaf, inda ba inuwa ko ta tsinke, zaune a kan ƙunshin kayanta da ta riga ta ɗaure, da zane biyu da rigar sanyin Lantana a jikinta, ta miƙe ƙafafu a kan siminti mai zafi tana murza gwiwoyinta da man shanu. Mage na kwance a gefenta. Daga bakin titi aka ji hon ɗin motar Tungar Kaɗe.

Ya durƙusa daga nesa. Inna ta dubi mage, ta yi magana a hankali.

"Mage, ki gaya ma mutumen ga, ƙashina ya tsufa, sanyi shiga shikai cikin gwiwa kamar allura. Tun ran da na zo ake bi na da iska ɗaki-ɗaki. Na bar wanga a biyo ni wancan. Na samu ɗan lungu na yi barci, shi ma an fasa shi. In ba a so na a gidan ga, ba sai an kore ni da iska ba, a faɗa mani kawai. Ƙafata ta san hanya."

Sarkin Ma'auni, Garkuwan Sikeli, wanda bai yi kuka ba ranar da ya faɗi da bokiti biyu, ya ji idonsa ya cika. Kwana bakwai yana yaƙi don ta zauna, ashe ita kwana bakwai tana ganin ɗanta na korar ta, kunya kuma ta hana ta tambaya. Bai san yadda ake yi wa mahaifiya irin wannan magana ba, don bai taɓa yi ba. Sai shi ma ya dubi mage.

"Mage," ya ce, "ki gaya mata shekara goma sha ɗaya nake share ɗakin nan. Ki gaya mata wauta ce, ba kora ba. Ki ce in ta tafi, ban san abin da zan yi da gidan ba."

Mage ta yi hamma. Mota ta sake yin hon. Malam Dikko ya juya wajen Lantana, wadda ke tsaye bakin kicin da ludayi a hannu, ya ce cikin raɗa, "Ke kin sani? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba ni da ma'auni, Malam," in ji ta.

Daga nan aka fara janyewar da ta fi kowace janyewa sauri a tarihin yaƙe-yaƙe. Gwarzon ya tashi da ɗingishinsa ya rungumi firiza ya mayar da ita sito, ya yayo buhuna daga kan rufi, ya cusa bulo a tagar da ya huda, ya toshe sauran ramin da taswirar yaƙin kanta, ya ɗauko murhu da wutarsa ya mayar kicin har yana ƙona yatsa. Mota ta yi hon na uku, direba ya leƙo ya yi sallama, ba wanda ya amsa masa, ya ja motarsa ya tafi. Inna ba ta ce ta fasa tafiya ba. Ta dai kwance bakin ƙunshinta, ta zaro magogin goronta, ta fara goga goro a tafin hannu.

Ganimar wannan yaƙi, kamar yadda masu ruwaya suka lissafa, ita ce ƙugu mai ciwo, da yatsa mai bororo, da kwando uku na daddawar da aka zubar wa kaji suka ƙi ci. Ɗaki mai tayil da labule biyu ya zama wurin ajiye tumatir da albasa, mage kuma ta mayar da gadon nata. Inna Tasalla ta tare a sito, tsakanin firiza da sababbin kwandunan daddawa, tana barcin rana har da minshari. Ma'aunin yana rataye a ƙusa a bangon ɗakin yana nuna arba'in, ita kuwa a jikinsa take rataye carbinta.

Da azahar ɗin Juma'ar da ta biyo baya, Malam Dikko na zaune a baranda yana shafa wa ƙugunsa magani, sai ya ji murya daga sito.

"Mage, ki ce ma wancan ya zo nan ya ci tuwonshi tun da zafi."

Ya tashi ya nufi sito, ya durƙusa a bakin ƙofa, gumi ya fara keto masa tun kafin ya zauna. An ajiye kwano a gefen tabarma, kusa da ita ƙwarai, Inna kuma ta juya fuskarta ga bango. Ya duba bayan firiza, ya duba bayan kwanduna. Magen ba ta ɗakin. Tun safe tana can kan gado, a ƙarƙashin iyakwandishan, tana barci.